Rasuwar Mai Surutu, Gadar Bayan Malali

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ta cika har ta rasa inda za ta zuba saura, Malam Audi Mai Diga, tsohon leburan hanya da ke zaune a Malali cikin Kaduna, a madadin kansa da maiɗakinsa Yalwa da 'yarsu A'isha, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa ƙetare rafin bayan unguwa ƙafarsa a bushe, rasuwar gadarsa ta katako, wadda aka fi sani da Mai Surutu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ta rasu ranar Alhamis, ashirin da biyu ga watan Agusta, 1974, bayan sallar la'asar, sakamakon rashin lafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Ta bar duniya tana da shekara ashirin da katako goma sha tara.

Liman ya riga ya ja kunnen Malam Audi cewa ba a yi wa itace salla, ba a kuma roƙa masa Aljanna. Audi ya ji ya yarda, don ba jahili ba ne. Sai dai ya tambayi liman ko an hana mutum kukan abin da ya yi masa hidima shekara ashirin, liman ya ce wannan kam ba a hana ba. To, iyakar aikin wannan takarda ke nan. Mai son dariya ya yi abarsa, amma ya fara sanin cewa tun ranar da gadar nan ta tafi, Yalwa, wadda yanar ido ta makantar shekara shida da suka wuce, ba ta sake fita ƙofar gida ita kaɗai ba.

Marigayiya 'yar babban gida ce. Mahaifiyarta gadar mota ce a kan hanyar Zariya, daf da Rigachikun, wadda ta ɗauki manyan motocin gyaɗa har ta tsufa. Da aka zo maye gurbinta da ta siminti, Audi na cikin leburorin da suka kwance ta, kuma shugabansu ya ce kowa ya ɗauki abin da zai iya ɗauka. Sauran suka kai nasu murhu. Audi kuwa ya yi ta jigilar nasa a amalanke har Malali, saboda a daminar da ta gabaci wannan shekarar ya ga amaryarsa Yalwa, da ya ɗauko daga ƙasar Katsina, tana ratsa rafin nan da tsohon ciki, ruwa har ƙugu, dammin itace a ka. Sai ya samo dogayen itatuwan ƙirya biyu ya shimfiɗa daga gaɓa zuwa gaɓa, ya jera katako a kai, inda bai isa ba ya cike da maɗaci da ɗorawa da duk abin da Allah ya hore. Shi ya sa babu katako biyu a jikinta masu murya ɗaya.

Daga nan sunanta ya fito. Marigayiya ba ta iya ɓoye sirri ba. Na farko yakan ce ƙwas, kamar an tsinke kara. Na huɗu yakan ja dogon ƙiiiƙ mai karyewa a ƙarshe, wanda ya sha tona asirin masu komawa gida a makare. Na goma, a tsakiyar ruwa, dum yake cewa, ƙasa-ƙasa. Na sha takwas yana da ɗan lilo, sai ya ce gwaf-gwaf, wato an kusa tudu. Amma duk surutunta ba ta taɓa yi da wani ba, ba ta kuma taɓa tambayar mai wucewa daga ina ko zuwa ina ba. Ta ɗauki akawun sakatariya da kekensa, ta ɗauki mai tallar kalanzir, ta ɗauki amare da makarar gawa, ta ɗauki jakin da ya tsaya a tsakiyarta rabin yini yana taurin kai, ba ta ce ta gaji ba.

Babban halinta shi ne tawali'u, kuma ba ita ta koya wa kanta ba. Audi ya yi shekara talatin a aikin hanya, kuma tsofaffin da ya tarar sun koya masa cewa ƙaramar gadar rafi ba ta kokawa da ruwa, durƙusa masa take yi. A yi ta gajera, a bar ta tsirara, babu abin riƙo ko ɗaya a gefenta da zai tare wani abu. In rafi ya kawo, sai ya bi ta bayanta da duk tarkacen da ya ɗebo ya wuce. Haka Mai Surutu ta yi damina goma sha tara. Takan nutse da hantsi a neme ta a rasa, kafin magariba ta ɗago da laka a fuska, Audi ya zo da tsintsiyar kwakwa ya share ta, a ci gaba da wucewa kamar ba a yi ba.

Ita ma ana yi mata nata haƙƙin. Kowace shekara kafin ruwan farko, mai unguwa yakan kira gayya. Maza su shiga rafi da shebur da adda su yashe shi, su janye rassa da shara, mata su dama kunu. Audi shi ke da gada, ba ya yarda wani ya taɓa ta. Yakan kwanta rigingine a ƙarƙashinta da gwangwanin baƙin mai yana shafe ƙiryoyin saboda gara, yana ƙwanƙwasa katako ɗaya bayan ɗaya da ƙotar guduma, ya fito baƙi ƙirin sai haƙora.

Da idon Yalwa ya rufe, mutane suka ce shi ke nan, ta zauna. Ashe ba su san ta ba. Ta rantse ba za ta zama wadda ake riƙe wa sanda ba muddin tana da ƙafa. Gidan A'isha na hayin rafi, kuma kowace safiya Yalwa takan fito da sandarta, ta bi jikin katanga, ta gangara har na farko ya ce ƙwas. Daga nan ba ta bukatar kowa, gada ce ke gaya mata inda take. Ta je ta yi wa jikoki wanka, ta tsince tsakuwar shinkafa da yatsa fiye da masu ido, ta dawo da yamma. In an yi mata sannu da ƙoƙari takan ce, "Wane ƙoƙari? Ni da ita hira muke, ku ne dai ba ku jin yarenta." Duk faɗin Kaduna, taku goma sha taran nan ne kaɗai hanyar da ta rage mata wadda take bi ba da izinin kowa ba.

Yanzu an zo ga cutar ajali, kuma Malam Audi ya nace a rubuta ta yadda take, ba tare da an yi masa kara ba.

Cutar ta shiga ne a shekarar fari. Rafi ya ƙafe ƙarƙaf, har yara na ƙwallo a cikinsa. Shekara biyu ba a yi gayya ba, don wa zai yashe rafin da babu ruwa? Sababbin gidaje suka yi ta tashi a sama da unguwa, kowa ya sare itace ko ya share fili sai ya tura ragowar cikin kwarin. A cikin wannan rani ne wata safiya sandar Yalwa ta zame ta gefen gada ta faɗa ƙasa. Ita ba ta faɗi ba. Durƙusawa kawai ta yi, ta lalubi bakin katako, ta miƙe ta ƙarasa hayi hannu sake. Amma Audi na tsaye a bakin gaɓa, ya gani. Maƙwabcinsa Malam Ja'afaru, ma'aikacin ofis ne mai son gyara, shi ma ya gani. Ya ce, "Haba Malam Audi, kai da ka yi wa gwamnati gadoji, a ce iyalinka na bin gada ba abin riƙo? Ai sai a zage mu duka." Ba da mugunta ya faɗa ba, har ma shi ya kawo tsofaffin bututun famfo daga gidansa.

Audi ya san dokar. Shi ya sha koya wa sababbin leburori ita. Amma ya dubi rafi ya ga yashi, ya dubi matarsa ya ga makauniya, sai ya ajiye ilimin shekara talatin a gefe ya ɗauki guduma. Ya kafa bututun gefe da gefe, ya ɗaure su tamau a jikin ƙirya, sannan don kada sanda ta sake zamewa ya bi su da ragar waya tun daga sama har ƙasa. Unguwa ta yaba, aka ce Mai Surutu ta waye. Yalwa ta zo ta shafa ƙarfen sau ɗaya ta ce, "Malam, ni na ce maka ka yi mata hannu?" Daga ranar bai taɓa ganin ta dafa shi ba. Akwai karin maganar da ake yi a kan mai neman gira, amma mai wannan rubutu ba zai ƙarasa ta a kan gidan Yalwa ba.

Ran Alhamis ɗin, hadari ya haɗo daga gabas tun azahar, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kafin a sallame la'asar rafi ya kawo, ya kuma kawo duk ajiyar shekara biyu: rassan dalbejiya, karan dawa, tsofaffin tabarmi, buhunan siminti, har da ƙyauren wani. Mai Surutu ta durƙusa kamar yadda ta saba. Ruwa ya hau bayanta zai wuce, sai ya tarar da hannuwan da aka yi mata. Raga ta tare tabarma, tabarma ta tare kara, kara ya tare reshe, nan da nan gadar da ba ta taɓa gardama da kowa ba ta zama madatsar ruwa. Audi ya fito a guje da zarto, tsoho ɗan sittin da ɗoriya, ya shiga ruwa har ƙirji zai yanke bututun da ya kafa da hannunsa. Sai da maza huɗu suka taru suka fizgo shi, yana ta ihu a sake shi, ƙusa shida ce kawai, shi ya san inda suke.

Waɗanda suka halarci cikawarta sun shaida cewa ba ta tafi shiru ba. Na huɗu ne ya fara, ƙiiiƙ, ya ja ta fiye da yadda ya taɓa ja. Sai na goma ya amsa, dum. Daga nan duka goma sha taran suka yi magana lokaci ɗaya, abin da ba su taɓa yi ba, ƙiryar gabas ta ɗaga, ruwa ya juya ta ya tafi da ita.

Yalwa na hayi a lokacin, a tsakar gidan A'isha. Ba wanda ya kai mata labari, don ba ta bukata. A'isha ta ce tana cikin tsince wake sai ta ajiye faifan ta ce, "Ta tafi." Washegari Audi ya zagaya ta babban titi, tafiyar da ta fi mil guda da rabi, ya je ɗauko ta. A ƙofar gida ya tsaya ya rasa yadda zai yi. Ita ce ta ɗaga sandar ta miƙa masa ƙarshenta. Haka suka ratso unguwa, shi a gaba ita a baya, mutane na yi musu sannu, shi kuwa hawaye na zuba a gemunsa, yana godiya ga Allah da ba ta gani.

Marigayiya ta rasu ta bar ƙirya ɗaya, wadda ke nan a maƙale a gaɓar yamma. Ta bar katako goma sha ɗaya da aka tsinto a gonakin rake da bakin lambuna, takwas kuma har yanzu ba a ji ɗuriyarsu ba. Ta bar gwangwanin baƙin mai da saura rabi. Ta bar 'yan makarantar hayi da ke zagaye suna makara, da Malam Ja'afaru wanda ya zo gaisuwa sau uku bai iya haɗa ido da kowa ba, alhali ba wanda ya ɗora masa laifi. Ta bar jikoki uku da ke tambayar me ya sa Inna ta daina zuwa.

Magajiyar marigayiya kuma an riga an yi mata suna. Mutanen ofis sun zo da ma'auninsu, sun yi alkawarin kwalbati na siminti in ruwa ya ɗauke, mai faɗin da mota za ta hau. Unguwa na murna, kuma tana da gaskiya. Audi ma bai ce kada a yi ba, ya san aikin, ya san zai yi ƙarko. Sai dai da shugaban ma'aikatan, wani Hamisu, ya gama bayani ya ce ko akwai mai tambaya, Audi ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, in an taka shi, me yake cewa?" Aka yi dariya, Hamisu ya ce siminti ai ba ya cewa komai. Audi ya ce shi ma abin da ya sani ke nan, ya sa takalminsa ya tafi.

Kwana shida Audi ya yi yana kewaya ɗakin Yalwa da magana a bakinsa. Ran na bakwai da hantsi ya same ta zaune a bakin gado, sandar na jingine a bayan ƙyaure inda ta ajiye ta tun ranar. Ya durƙusa ya ce, "Yalwa, ba ruwa ya kashe ta ba. Ni ne. Hannun nan da na yi mata shi ya riƙe ta aka yanka. Na sani sarai ba a yi, na yi. Kuma ko sau ɗaya ba ki dafa ba, ashe a banza na raba ki da hanyarki."

Ta ce, "Malam, dawo ta nan, ta hannuna na dama." Ya koma. Ta ce, "Kai da ke da ido, ba ka lura tun bara ta nan nike juyo maka ba? Kunnen hagu ya tafi. In iska na kaɗawa ba ni jin na goma, ba ni jin na sha takwas. In na ji kana bakin gaɓa sai in bi tsakiya don kada ka samu abin faɗi. In ba ka nan kau, hannun nan nike bi tun daga farko har ƙarshe. Ba don shi ba da tun bara na zauna. Shekara guda ka ƙara mani, tashi ka bar mani kuka a ɗaki."

Ko gaskiya ta faɗa, ko kuwa irin abin nan ne da mace kan yi wa mijin da ta zauna da shi shekara ashirin da biyu, mai wannan rubutu bai sani ba. Audi ma bai tambaya ba. Abin da aka sani shi ne ya fito ya zauna a zaure ya yi kukan da ya fi na ranar Alhamis, don a da yana zaton in ya tattaro katakon ya roƙi Hamisu a shimfiɗa su a gefen kwalbati, Yalwa za ta koma hanyarta. Yanzu ya gane ko Mai Surutu ta dawo da rai, hirar tasu ta kusa ƙarewa. Abu ɗaya Yalwa ta roƙa, ta ce tana so ta taka ta sau ɗaya tak, daga farko har ƙarshe, ita kaɗai, su yi sallama.

Saboda haka ga yadda aka tsara jana'iza, in Allah ya kai mu.

Ranar Lahadi mai zuwa da hantsi za a haɗu a bakin rafi. Kowa ya zo da shebur ko adda ko igiya, don za a yi gayyar da aka ci bashin rafi shekara biyu, a janye rassa da shara tun daga sababbin gidaje har gangare. Wanda ya san ya taɓa tura wani abu cikin kwarin ba sai ya faɗa ba, ya dai zo da wuri. Bututun da ragar, in an ciro su, kada a jefar. Hamisu ya yarda a kafa su a gefen sabon kwalbati, ya ce siminti zai iya da su.

Bayan azahar za a ɗauko mamaciya zuwa gidan Malam Audi. Za a wanke katakon, a shafe su da ragowar baƙin man, a jera su a kan duwatsu a tsakar gida, kowane a gurbinsa, tun daga ƙofar ɗakin Yalwa har bakin zaure. Inda babu katako za a sa na aro don ƙafa ta samu wurin sauka. Sannan Yalwa za ta fito da sandarta.

Ana roƙon jama'a abu biyu. Na farko, kada kowa ya kama mata hannu ko ya ce mata sannu, ko da ta yi tangaɗi. An gaya wa Malam Audi wannan roƙo har da shi. Na biyu, a yi tsit. Ba koke-koke, ba tari, masu goyo su tsaya a waje, don kunne ɗaya ya rage mata kuma tana so ta ji kowa da muryarsa.

Katakon aro ba su san yaren marigayiya ba. Don haka Malam Audi zai riƙa tafiya ta daman Yalwa, bai taɓa ta ba, duk inda ta taka gurbin wanda ya ɓace sai ya yi mata kukansa da baki. Kwana uku ke nan yana koyo a bayan gida. Ya iya gwaf-gwaf, ta ce ba laifi. Ya iya dum, ta ce ya ƙara zurfi kaɗan. Wanda ya ga dattijo da farin gemu yana kukan katako ya ji dariya ta taso masa, ya taimaka ya fita zaure ya yi ta a can.

A ƙarshe, ana cigiya ga mutanen gangare, masu lambu da masunta da mata masu neman itacen girki, har zuwa inda rafin ya faɗa kogi. Duk wanda ya tsinci katakon maɗaci mai tsawon kamu huɗu, da tsaga a gefe ɗaya da tabon kwalta a tsakiya, don girman Allah kada ya sa shi a wuta. Ya ɗora shi a kan duwatsu biyu ya taka. In ya ja dogon kuka mai karyewa a ƙarshe, to shi ne na huɗu, a kawo shi gidan Audi Mai Diga kafin azahar ɗin Lahadi. Shi kaɗai ne Malam Audi ya kasa. Duk lokacin da ya ɗauko shi, tun bai kai inda katakon ke karyewa ba, tasa muryar ke riga karyewa.